Taragon Matar Gwamna

Wannan babi na rubuta shi ne saboda akwatin ƙarfen nan da ke bayan gidanmu na unguwar Pumpumre, wanda a yau kuke zuba masara a ciki. Kun tashi kun ji labari iri biyu a kansa, nawa da na Gwaggonku Binta, kuma na lura duk lokacin da na fara nawa sai ku dubi juna. To ga yadda aka yi. Zan yi ƙoƙari kada in ƙara gishiri, ko da yake hannuna ya saba.

Shekarar da aka karya darajar sefa ce. Kakanku Alhaji Ɗanjuma atamfa yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, sana'ar da ya gada daga ubansa wanda ya zo daga Kano. Atamfa ta yi tsadar da mata suka koma juya tsofaffin zannuwansu ciki ya koma waje, mu kuma muka koma gadin shago muna korar ƙuda. Alhaji ba mutum ne mai zama ba. Ya lura maƙeran Ngong da na Bibemi kullum cikin neman ƙarfen garma da fartanya suke, sai ya ji labarin za a yi gwanjon tsofaffin ƙarafa a Gaundare, inda layin dogo ya ƙare. Ƙafarsa ta kumbura a lokacin, yayana kuma yana Yola. Ni kaɗai na rage, kuma da akwai wani, ko makwabci ne, da ba ni za a aika ba.

Dalili shi ne littattafai. Direbobin da ke zuwa daga Kano ta Yola sukan kawo mini ƙananan littattafan soyayya masu laushin bango, waɗanda ake zana yarinya a gaba tana hawaye ta dafa ƙirji. Na karanta su har suka shiga idona. Idan na ga tagar gida a rufe, sai in ce akwai wadda ke kuka a bayanta. Idan tsoho ya yi shiru a majalisa, sai in ce tsohuwar masoyiya ya tuna, alhali haƙori ke damunsa. Da yamma nakan zauna a bakin ɗakin ɗinkin Yaya Binta in karanta wa 'yan koyon ɗinki da ƙarfi, ina canza murya. A cikinsu akwai wata Bafulatana daga Bibemi mai suna Aisatu, tana zaune wurin goggonta a unguwarmu. Sauran sukan yi dariya idan jarumi ya suma. Ita takan tsayar da keken ɗinki ta ce, "Sai kuma me ya faru?" Wannan tambaya ce ta kashe ni. Kun san ta, uwarku ce. A lokacin an riga an kai gaisuwa wurin mahaifinta, Baffa Bello, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar tafiya Alhaji ya kira ni zaure.

"Sabi'u, ƙarfe na aike ka. Guntayen dogo, tsofaffin ƙusoshi, abin da maƙeri zai jefa a wuta. Kada ka sayo mini abin da ke da labari."

"To, Alhaji."

"Maimaita."

"Abin da maƙeri zai jefa a wuta."

Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a wannan tafiya. Amma ba jirgin ne ya ɗauke ni ba. A bayan gar, wato tashar jirgin, akwai tsofaffin taragu jere cikin ciyawa suna jiran gwanjo, duk sun yi tsatsa, kowanne ka gani ka san na siminti ne ko na itace. Ɗaya ne ya fita daban. Gajere ne, fentinsa kore ya koɗe, ƙofarsa ba ta buɗewa gefe, saukowa take ƙasa ta zama gada. Na shiga, sai na ji sanyi kamar an zuba mini ruwa, domin bangonsa biyu ne, katako a ciki, ƙarfe a waje. An lulluɓe bangon da fata mai kauri, an cusa mata abu mai laushi, tun daga ƙasa har kafaɗata da ɗan ƙari. Akwai zobba na ƙarfe huɗu a jiki, sun goge suna sheƙi. A sama akwai tankin ruwa da bututu mai huji-huji. A kusurwa akwai doguwar tasa fara da aka kafe. A can ƙarshe kuma wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai benci da 'yar taga da ke leƙa babban. A ƙarƙashin bencin na tsinci mataji na ƙarfe mai gajerun haƙora da madauri na fata.

Na je wurin akawun gwanjo na tambaye shi wannan tarago na mene ne. Ya buɗe wani tsohon littafi, ya bi layi da yatsa.

"An rubuta sipesiyal, wato na musamman."

"Na musamman na wa?"

"Sauran gara ta cinye."

Ku gaya mini, mutumin da ya sha littafi irin nawa, me ya rage masa? Kafin in koma bakin taragon na gama gano komai. Na matar gwamna ne a zamanin Turawa. Fatar bango don kada jirgi ya girgiza ta ji ciwo. Ƙofa mai saukowa don kada doguwar rigarta ta maƙale a matakala. Bututu na wankanta ne, tasa ta wanke fuska, zobba na rataye labule, ƙaramin ɗaki na kuyangarta. Akwai wani wuri a jikin fatar da ya yi baƙi yana maiƙo, daidai tsayin kan mace, nan take jingina kanta tana kuka. A saman fatar, a jikin katako, akwai ƙarce-ƙarce masu zurfi, nan take lissafa kwanakin da ta yi ba ta ga masoyinta ba. Na saye shi da duk abin da Alhaji ya ba ni. Ƙafafun taragon, waɗanda su ne ainihin ƙarfen da maƙeri zai so, wani ɗan ƙabilar Bamileke ya saye su ina tsaye, ban ko ɗaga hannu ba.

Wani direba da ya sauke auduga zai koma Garwa ba kaya ya yarda ya ɗauka. Injin ɗaga kaya ya ɗora gangar jikin a bayan mota aka ɗaure da sarƙa. Kwana biyu muka yi a hanya, a gangaren dutsen nan da direbobi ke kira falez kuwa na karanta duk addu'ar da na sani. Da muka tsaya a Ngong maƙera suka fito da murna, suka ƙwanƙwasa, suka leƙa, babbansu ya ce in gaida Alhaji, in gaya masa su dukanci ba su iya ba.

Aka tara majiya ƙarfi aka sauke shi a filin bayan gida a kan gungumen itace. Alhaji ya fito yana ɗingishi, ya zagaya shi sau uku da sanda.

"Mene ne wannan?"

"Tarago ne, Alhaji."

"Na ga ba raƙumi ba ne. Na mene ne?"

"Na matar gwamna ne. A ciki take tafiya."

"Ita ta gaya maka?"

Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi abin da ya ba ni shi ne abin da ya yi niyyar juyawa ya gina mini ɗakin aure, tunda kuwa na sayo ɗakina da kaina, Allah ya sa albarka, in shiga. Bulo ɗaya ba zai ɗora mini ba. A wannan makon kuma saƙo ya zo daga Bibemi: Baffa Bello ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya zo ya ga inda za a ajiye 'yarsa da idonsa. Aurena gaba ɗaya ya koma cikin wannan akwati.

Unguwa ta samu abin yi. Mai shayin bakin titi ya ce kurkukun tafi-da-gidanka ne, zobban na ɗaure fursuna ne. Wanzaminmu ya ce na mahaukata ne, shi ya sa aka lulluɓe bango don kada su fasa kai. Wata tsohuwa ta ce na gawa ne, ga wurin wanka nan a fili, daga ranar ta daina bi ta layinmu. Yaya Binta ta shiga sau ɗaya ta fito tana toshe hanci.

"Ni dai, Sabi'u, wannan madam ɗin taka ba ta cika wanka ba."

"Turaren Turawa ne, Yaya, idan ya tsufa haka yake komawa."

Na ƙona turaren wuta har sai da idona ya yi ja. Da yamma kuma na daina karanta littattafan Kano, na koma ba da labarin Madam da saurayin da ke duba tikiti, kullum da sabon kashi. Aisatu ta ɗinka labule huɗu masu ruwan hoda, ɗaya ga kowane zobe. Ni kuma na naɗe matajin ƙarfen a hankici na ba ta, na ce da shi Madam take taje kanta. Ta karɓa da hannu biyu.

Baffa Bello ranar Lahadi zai zo. Ranar Alhamis bayan la'asar limamin masallacinmu, Malam Isiyaku, ya shigo tare da Alhaji da wani tsoho gajere mai hular ulu. Liman ya ce mutane sun dame shi da tambayar ko sallah ta halatta a cikin abin da ba a san asalinsa ba, shi ya sa ya nemo Baba Yakubu, mai gadin wani sito a bakin kogin Binuwai, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin jirgi. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula. Bai dubi labule ba, bai dubi tabarmar da na shimfiɗa ba. Kai tsaye ya wuce ƙaramin ɗakin, ya zauna a benci, ya zura hannu ƙarƙashi ba tare da ya duba ba.

"Ina magogin?"

"Wane magogi, Baba?"

"Na goge masa jiki. A nan nake rataye shi."

"Goge wa wa jiki?"

"Patiron mana, maigidan. Bijimin."

Ya yi bayani dalla-dalla, da murna, kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu. Gwamnati takan sayo bijimai daga ƙetare don gyaran irin shanu, a sauke su a jirgin ruwa a kudu, a hau da su arewa ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan tarago, domin bijimi ɗaya ya fi motar minista daraja. Fata don kada ya ƙuje. Ƙofa don ya taka ya hau. Zobba na igiya. Tasa ta dusa. Ya nuna mini huji a ƙasa wanda na rufe da tabarma, bai sai na gaya muku na mene ne ba. Ya dafa wurin da Madam take jingina kai.

"Nan tozonsa yake gogawa. Can sama kuma ƙaho ne. Idan jirgi ya yi kuka sai ya fusata."

Alhaji ya zauna a kan gadar ƙofa ya yi dariya har ya manta ƙafarsa na ciwo. Liman ya ce alhamdu lillahi, sa dabba ce mai tsarki, sallah ta halatta, shi matsalarsa ta ƙare. Na roƙe su su rufa mini asiri zuwa Lahadi. Liman ya ce ba zai faɗa ba, amma idan aka tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Alhaji ya ce shi ba ruwansa, wanda ya sayo shi zai yi bayani. Yaya Binta, wadda ashe tana bayan zana tana ji, ta ce za ta riƙe bakinta kwana uku saboda Aisatu, amma in sani ba ta taɓa riƙe shi haka ba, idan wani abu ya same ta alhakin yana wuyana.

Kwana ukun nan na binciki duk littattafaina, ban sami jarumi ɗaya da ya taɓa shiga irin wannan hali ba. Nasu matsalolin masu kyau ne, attajirin kishiya ko ciwon zuciya. Ba wanda ya taɓa shirya kai amarya garke. Na yi ƙoƙarin ɓalle zobban, guduma ta karye. Na yanke shawara zan tsaya a kan Madam. Bafulatanin da ke kiran mu kaɗo, na ce a raina, idan ya ji ɗan kaɗo zai sa 'yarsa a makwancin dabba, ko ruwa ba zai sha ba zai juya.

Lahadi da hantsi suka iso, shi da ƙanensa, dogaye, sirara, kowa da malfa da sanda a kafaɗa. Aka yi gaisuwa da Fulatanci, jam, jam, jam, har aka gaida shanu da ruwan sama. Sannan muka zagaya baya, har da Alhaji da Liman. Na san Yaya Binta da Aisatu suna bayan zana, ina hango ƙafafunsu ta ƙasa. Baffa Bello ya cire takalmi ya taka gadar ƙofa a hankali. Ya ɗaga labule ɗaya ya zura yatsa cikin zobe. Ya tsuguna ya ɗaga gefen tabarma, ya mayar. Ya dubi tasa, wadda na cika da furannin roba. Sai ya je wurin baƙin tabon ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya daɗe. Bai juyo ba ya yi magana da Hausarsa mai taushi.

"An ce mini matar gwamna ce ta zauna a nan."

Labarin yana bakina, kashi goma sha biyu, na san shi kamar Fatiha. Na dubi hannun tsohon a kan fatar, yadda yake shafa ta kamar yana lallashin abu mai rai, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na dubi ƙafafun da ke bayan zana. Na san abin da zan faɗa zai fi yi wa masu ƙafafun ciwo.

"Baffa, ni na ce haka, kuma da haka na saye shi. Amma ba gaskiya ba ne. Bijimi ne."

Na ji wani abu ya faɗi a bayan zana, ƙafafu biyu suka bar wurin da gudu.

"Yaushe ka sani?"

"Ranar Alhamis."

"Ni tun daga bakin ƙofa."

Ya kira ƙanensa. Suka manta da ni gaba ɗaya. Suka auna tabon da sanda daga ƙasa, suka auna daga zobe zuwa zobe, suka ɗaga kai suna bin ƙarcen ƙaho da ido, suna ta cewa ngaari, ngaari, wato bijimi, da muryar da mu muke ambaton Makka. Ƙanen ya tsaya a inda ƙirjin dabbar zai kasance ya buɗe hannuwa, bai kai ba. Baffa Bello ya share ido da gefen riga. Sannan ya juyo wurin Alhaji.

"Alhaji, ɗanka wawa ne."

"Na riga ka sani."

"Amma ana iya zama da shi. Da ya ce mini mace ce, da na sa takalmina. Matar Nasara ban san ta ba, ban san abin da ta aikata a ɗakinta ba. Wannan kuwa na san danginsa. Ina da shanu tun ina yaro, ba wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai fata da ruwa a sama. Na ba shi Aisatu. Sharaɗi ɗaya, kada a shafa wa wurin nan fenti."

Liman ya ɗaga hannu aka yi Fatiha a nan cikin taragon, a tsaye.

Abin da gaskiyar ta ci mini ba kaɗan ba ne. Kafin magariba Yaya Binta ta biya bakinta kwana ukun da ta hana shi, kafin Juma'a duk kasuwar Garwa tana kirana Angon Bijimi, sunan da har yau wasu tsofaffi ba su san ina da wani ba. Alhaji bai sake aike na ko Ngong ba har ya rasu. Duk ranar kasuwa kuma sai Fulani sun zo daga Bibemi su yi sallama, su cire takalma, su nemi a nuna musu inda tozo ya goga, wasu har da ƙwaryar nono.

Amma mafi tsanani ita ce Aisatu. Kwana tara ba ta zo ɗakin ɗinki ba. A na goma Yaya Binta ta ce in zo, tana ciki. Na tsaya a bakin ƙofa inda na saba zama. Tana taka keke, ba ta ɗago ba. Matajin yana kan tebur.

"Na baro Bibemi ne don in huta da warin shanu."

"Na sani."

"Sati uku ina taje kaina da wannan abin. Gashina har zubewa yake, ina cewa haka na Madam yake yi."

Yaya Binta ta cusa ƙyalle a baki. Ni dai na ce ta yafe mini, idan kuma ba za ta shiga taragon ba zan je in gaya wa Baffa da bakina, ba wanda zai ga laifinta. Ta tsayar da keken.

"Shi tsohon da ke kula da shi, me yake yi masa?"

Na faɗa mata yadda Baba Yakubu ya faɗa mana. Wanka sau biyu a rana. Sai ya ci ya ƙoshi kafin mai kula da shi ya sa loma a baki. Idan zafi ya yi, a yi masa fifita. Idan ya fusata, a yi masa magana a hankali har ya huce.

"Ba ya ɗaga masa murya?"

"Ya ce ko tari ba ya yi da ƙarfi."

Ta mayar da ƙafa kan keke.

"To zan shiga. Amma yadda aka riƙe na farko, haka za a riƙe ni. Yaya Binta, ke ce shaida."

"Da kunnena na ji," in ji Gwaggonku.

Shekara huɗu muka zauna a ciki kafin in gina ɗakin bulo, a ciki aka haifi biyu daga cikinku. Ko na cika sharaɗin, wannan uwarku za ku tambaya. Abin da na sani shi ne har safiyar yau ni na ɗebo mata ruwan wanka.